Mirkomil da Akwatinsa Marar Hanji

Idan ana zancen wari, ni Nasiba a bar ni in yi magana, don na shaƙi irin wanda ba kowa ya taɓa shaƙa ba. Tun bayan rasuwar mijina na koma gidanmu na gado a tsohuwar unguwarmu ta Tashkent, inda yayana Mirkomil yake zaune shi kaɗai. Ni na ɗauki ɗakunan bakin ƙofa, shi yana ɗakin ƙurya bayan rumfar inabi. Tsakar gida ce kawai tsakaninmu, ita kuwa tsakar gida ba ta tare wari.

Mirkomil bai taɓa aure ba. An nema masa mata tun mahaifiyarmu na da rai, amma duk wadda aka kai shi gani sai ya zauna yana kallon rediyon gidansu, har iyayen yarinya su gaji su kwashe shayi. Tun yana saurayi ya shiga aiki a masana'antar haɗa rediyo, aikinsa gwada kayan da aka gama haɗawa. Da Tarayyar Sobiyet ta watse masana'antar ta rufe, sai ya koma gyaran talabijin a gida. Ana nan kuma aka shigo da talabijin irin na yanzu, falan-falan, waɗanda idan sun mutu ba a gyarawa sai dai a jefar. Gashin kansa ya riga ya yi fari lokacin da ya waiwaya ya ga ba mai ƙwanƙwasa masa ƙofa. A nan ne ya fara haɗa akwatin.

Wata rana na dawo daga kasuwa na tarar ya sa zarto ya yanka ƙofofin kabad ɗin mahaifiyarmu, na katakon gyaɗar dutse, wanda aka kawo ta da shi gidan aure. Da su ya yi jikin akwatin, tsayinsa ya kai ƙirjin mutum. Ya jera masa faranti-faranti na ƙarfen alminiyam a fuska, kowanne da ramuka da maɓallan murɗawa, sannan ga gajerun wayoyi da yake cusawa daga wannan rami zuwa wancan, sun cakuɗe kamar hanjin rago a kwano.

Na ce, "Aka," don haka muke kiran yaya a wurinmu, "wannan kuma mene ne ka lalata mana kayan uwa a kansa?"

Ya ce, "Abin kiɗa ne."

"Ina tsirkiyarsa? Ina fatarsa? Ta ina ake busawa?"

"Wuta ce ke kiɗin, Nasiba. Zauna ki ji. Wuta iri biyu ce a cikinsa. Akwai wadda ke ciyar da shi, akwai wadda ke ba shi umarni. Ita ta umarnin, in ta ƙaru kaɗan sai murya ta hau, in ta ragu murya ta sauka. Wannan farantin yana haifar da murya, wancan yana gaya mata inda za ta, wancan kuma yana buɗe mata baki ya rufe. Da wayoyin nan suke aika wa juna saƙo."

"To ka je shago mana ka sayi irin na masu kiɗan biki, mai haƙora fari da baƙi. An gama haɗawa, ba sai ka yanka kabad ba."

Ya yi tsaki. Ya ce, "Na shago tsani ne, taki bayan taki. Waƙarmu ta gargajiya kuwa a tsakanin matakan take tafiya, tana zamewa. Nawa gangare ne, duk inda na so in tsaya sai in tsaya."

Maganar ta yi daɗi a baki, amma abin da ke fitowa daga ɗakin ƙuryar nan ba gangare ba ne, kukan saniya ce mai naƙuda. Matsalar kuwa wutar unguwarmu ce. Da sanyi ya shigo gas ya yi ƙasa, kowane gida sai ya jona abin ɗumama ɗaki, ƙwan fitila ya koma ja kamar idon mai zazzaɓi. Ga maƙwabcinmu mai walda, da zarar ya ɗora ƙarfe sai wutar layin gaba ɗaya ta durƙusa. Mirkomil ya ce muddin wutar da ke ciyar da akwatin tana rawa, ta umarnin ma rawa za ta yi, kiɗa ya yi tsami. Don haka ya ajiye zancen kiɗa ya shiga haɗa abin da zai tace wutar ya riƙe ta cak, ɓangare biyu daidai wa daida, ɗaya sama ɗaya ƙasa. Shekaru ya kwashe a kan wannan kawai, kuma shekarun nan a hancina suka ƙare.

Na farko dai hayaƙin dalma, wanda ke kama labule da gashi har da gurasar da na gasa. Sannan akwai wani ruwan magani mai launin gudawar jariri da yake jiƙa alluna a ciki don ya cinye jan ƙarfe ya bar masa hanyoyin wuta. Ba a ko'ina ya ga damar jiƙawa ba sai a farin kwanona na kwaɓa fulawa. Da ya gama ya kwarara ruwan a gindin inabi, rabin rumfar ya bushe. Kofunan shayina kuwa duk sun koma ma'ajiyar kusoshi.

Kowace Lahadi sai ya tafi kasuwar tsofaffin kaya ya dawo da buhu: taransifomar matacciyar talabijin, alluna masu tsatsa, kwandansa masu tara wuta, manya-manya kamar gwangwanin tumatir. Wani mai tebur a can ya sayar masa da tsofaffin kwandansa da aka goge aka sake wa riga kamar sababbi. Ina tsakar gida ina yanka karas na ji fam! kamar an harba bindiga. Na ruga na tarar da shi tsaye, gira ta ƙone, wani farin abu kamar auduga ya manne a rufi, ɗakin kuma ya cika da ƙarnin ruɓaɓɓen kifi haɗe da zarnin fitsarin kyanwa. Na fito da gudu na yi amai a magudana. Shi ko ko taga bai buɗe ba, yana duba gawar abin yana cewa, "Kin gani? Ashe ƙarya aka rubuta a jikinsa."

Sai kyankyasai. Taransifoma tana da ɗumi, su kuma sanyi ya kore su daga ko'ina, sai suka mai da cikin akwatin gidan haya. Suka yi ƙwai, suka yi kashi baƙi-baƙi a kan alluna. Wani ƙato ya gitta tsakanin wayoyi biyu ya soye a wurin. Na shiga kai masa abinci na same shi ya zaro shi da hantsaki yana juya shi a gaban fitila. Ya ajiye shi a gefen tebur, ya miƙa hannun nan bai wanke ba ya gutsuri gurasa.

Na ce, "Tir! Wallahi aka, ko karen mahauta ya fi ka tsafta."

Ya ce, "Ke ba ki ga inda ya bi ba ne. Shi ya nuna min wayoyin nan sun yi kusa da juna da yawa."

Haka muka yi ta fama. Sau da yawa na ɗaure kayana zan koma wurin 'yata, sai in tuna in na tafi ba mai tuna masa ya ci abinci.

Wata la'asar ta tsakiyar hunturu ya leƙo ya kira ni. Na shiga ina toshe hanci da gefen ɗankwali. Ya murɗa wani maɓalli, wata murya guda ta fito siririya, miƙaƙƙiya. Ya ɗaga yatsa ya ce in jira. Can sai muka ji mai walda ya fara aiki, ƙwan fitilar ɗakin ya dushe har ya kusa mutuwa. Muryar nan ko gezau. Fitila ta dawo, ta sake dushewa, murya tana nan inda take kamar an kafa ta da ƙusa.

Daga nan ya jawo wani dogon katako da ya shimfiɗa wa siririyar waya, ya ɗora yatsa yana ja a hankali. Muryar ta bi yatsan, ta hau, ta zame, ta yi rawa a inda ya girgiza hannu, ta sauko tana jan ƙafa kamar mace mai kuka a bayan katanga. Duk ƙazantar ɗakin nan sai da na zauna a bakin gadonsa har ya gama. Na ce masa, "Wannan kam kiɗa ne, aka." Ya yi dariya kamar yaro. A watannin da suka biyo baya kullum da yamma yana kaɗawa, har matar mai walda takan tsaya a bakin ƙofa da bokiti a hannu ta saurara.

Da a nan labarin ya tsaya da na ce warin bai tafi a banza ba. Sai ga Mansurbek.

Mansurbek ɗan ƙanen mijina ne, mawaƙin biki, mai takalmi mai tsini da turaren da ke riga shi shiga ɗaki. Ya zo gaishe ni da Sallah ya ji ƙara daga ƙurya, ya bi. Na lura tun a lokacin cewa ba sauraro yake yi ba. Idonsa na kan 'yan fitilun da ke ƙyaftawa a fuskar akwatin da wayoyin nan masu launi-launi. Ya zaro waya yana ɗauka.

"Kai! Ustoz! Wannan ai gaban jirgin sama ne! Kana da wannan kake ɓoye a ɗaki? Wallahi duk garin nan ba mawaƙin da ke da irinsa. Asabar mai zuwa ina da babban biki, dole ka tsaya a bayana."

Ba wanda ya taɓa ce wa Mirkomil ustoz, wato malam gwanin sana'a. Na ga kunnensa ya yi ja.

Kwanakin nan bai huta ba. Ya karɓi waƙoƙin Mansurbek yana saurara yana neman inda zai shiga. Ya share cikin akwatin da burushin haƙori. Ya tafi da ƙafarsa har zauren bikin da mitarsa ya auna wutar soket ɗinsu, ma'aikata suna kallonsa kamar mahaukaci. Ni kuma na fito da kwat ɗin marigayi mijina na rage masa hannu.

Ranar bikin aka ba ni kujera a teburin dangin mawaƙi, daf da dandamali. Zaure ya cika maƙil, teburori sun lanƙwashe da abinci. Mai gabatarwa ya daka ihu cewa yau an zo da gwanin da ba a taɓa gani ba, mutane suka miƙe tsaye suna tafi, aka haska yayana da fitila. Kiɗa ya tashi mai ƙarfin da ke girgiza cokula. Mirkomil ya sunkuya yana jan yatsa a kan katakonsa, gumi na zuba, yana cire waya yana mayarwa. Na kasa kunne ina neman muryar nan mai zamewa. Babu ita. Na ce ƙila ganguna ne suka danne ta.

Cokalina ya faɗi, na sunkuya ɗauka, na ɗaga rigar teburin da ke jikin dandamali. A nan na ga wayar. Doguwar baƙar wayar da ta fito daga bayan akwatin, wadda ya kamata ta tafi ga lasifika, an naɗe ta a ƙafar tebur, kanta yana kwance cikin wani faranti da aka tura ƙasa, a tsakiyar ƙasusuwan kaza da daskararren kitse da guntun sigari. Ban san lokacin da na mayar da lomar da ke bakina cikin tsumma ba.

Da na ɗago na dubi sauran da kyau. Mai ganga hannunsa ba ya taɓa fata. Mansurbek ya kau da makirufo daga bakinsa don ya sumbaci wani baƙo, muryarsa kuwa ta ci gaba da rera waƙa ita kaɗai. Duk daga wata 'yar na'ura kiɗan ke fitowa, wani mutum na zaune a lungu yana dannawa yana cin tuffa. Wani kawun ango da ya sha ya yi tatil ya hau dandamali, ya rungume yayana, ya shafa hannunsa mai maiƙon osh, dafa-dukar shinkafarmu ta biki, a kan maɓallan, ya nannaɗe takardar kuɗi ya cusa a ɗaya daga ramukan, jama'a na shewa.

Da aka tafi hutu na tare Mansurbek a lungun kicin.

Na ce, "Kai, ba ka da kunya? Tsoho ya kwashe shekaru yana haɗa abu, ka kawo shi ka mai da shi biri a gaban jama'a?"

Ya yi dariya yana goge wuya da hankici. "Haba kennoyi, matar baffana, kowa haka yake yi. Wa zai yarda a saki ƙarar da ba a gwada ba a bikin mutane? In ta yi kukan jaki fa? Mutane ido suka zo ba wa abinci. Ki duba yadda suke sonsa."

"Ka gaya masa?"

"Me zan gaya masa? Ki bar tsoho ya ji daɗinsa."

A mota muna komawa, akwatin na kujerar baya yana ƙarnin kitse, na rasa ta inda zan fara. Na ce, "Aka, wayarka ba a jone take ba. A cikin faranti na gan ta."

Yana kallon titi ya ce, "Na sani."

"Ka sani?"

"Tun waƙa ta biyu. Na kashe muryar gaba ɗaya don in gwada, ba abin da ya canza."

"Kuma ka ci gaba da murɗe-murɗe kana yarfa gumi?"

Muka wuce shataletale. Sannan ya ce, "Kin ga yadda suka miƙe tsaye, Nasiba? Tunda aka haife ni ba a taɓa miƙe min ba. A masana'anta lamba ce ni. Masu kawo talabijin ko sunana ba sa tambaya."

Na ce, "Ba kai suka miƙe wa ba, fitilu suka miƙe wa."

Ya ce, "Ni ne dai a tsaye a wurin."

Na ɗauka zafin ranar ne, zai huce. Ina! Asabar ta gaba ya sake tafiya, da wadda ta biyo ta. Ba a jima ba yaran Mansurbek suka fara ƙorafin akwatin ya yi nauyi, taransifomar nan tana karya musu baya a matakala. Wata safiya na leƙa na tarar da yayana ya kwantar da akwatin a ƙasa kamar ragon layya, yana kwance masa ciki. Ya ciro allunan murya, ya ciro na umarni, ya ciro abin tace wutar da ya ƙone gira a kansa, ya zuba su duka a tsohon kwanona ya tura ƙarƙashin gado. A madadinsu ya liƙa fitilun ado irin na sabuwar shekara masu aiki da batir. Fuskar akwatin tana nan yadda take, ciki kuwa wayam, har ana ɗauka da hannu ɗaya.

Na ce, "Yau ka yanka shi ke nan."

Ya ce, "Ajiyewa na yi. Zan mayar in lokacin biki ya wuce."

Lokacin biki bai taɓa wucewa ba. Ya tara gashi har kafaɗa. Mansurbek ya saya masa baƙin tabarau da wata riga mai ƙyalƙyali. Ya koyi yamutsa fuska yana lanƙwasa baya kamar kiɗan na fita daga cikin hantarsa, har a gaban madubi na kama shi yana gwadawa. Hayaƙin dalma ya ɗauke daga gidan, wani sabon wari ya maye gurbinsa: turaren Mansurbek, da ledojin ragowar osh da yake kwasowa daga bukukuwa ya manta a kan taga har su yi tsami. Maƙwabta suna tare ni a hanya suna cewa sun ga ustoz a waya, Allah ya ɗaukaka shi. Sai in ce amin, in ji kamar na haɗiyi ƙuda.

Ana cikin haka, wata rana da hantsi, wata mata ta yi sallama. Za ta yi shekara arba'in da wani abu, da jaka a kafaɗa, ta ce sunanta Feruza, tana koyar da kiɗa a wata makaranta. Na kai ta wurinsa, na kawo shayi, na tsaya a bakin ƙofa.

Ta ce, "Ustoz, na ga hotonka a wani biki. Ba zan ɓoye maka ba, na san abin da ake ji a ciki ba daga akwatinka yake fitowa ba. Yadda aka cusa wayoyin nan ba za su ba da ko tari ba."

Mirkomil ya ajiye kofi.

Ta ci gaba, "Amma na tsayar da hoton na ƙura wa fuskar akwatin ido. Wanda ya tsara ta ya san abin da yake yi. Ni ma ina haɗa ƙarami a gida, ya fi shekara yana ba ni wahala, da an kunna firji sai muryarsa ta karkace. Na ga kuma kana da katakon jan yatsa. Shi ya sa na yi ta tambaya har na samo gidan. So nake in ji shi da gaske."

Tunda ya fara haɗa abin nan, wannan ce mutum ta farko da ta zo don ta ji. Ya ce ta ba shi zuwa la'asar, yana ɗan gyara ne. Ta ce ba komai, za ta jira. Na ja ta tsakar gida muna ɓare wake.

Ta taga ina hango shi. Ya jawo kwanon daga ƙarƙashin gado. Ɓeraye sun yi sheƙa a ciki da tsumma da takarda, sun gaigaye wayoyi, fitsarinsu ya sa jan ƙarfen ya yi kore. Har da 'ya'yansu jajaye marasa gashi suna motsi a tsakanin kwandansa. Ya kwashe su da cokalin shara ya watsa bayan gida. Ya shiga goge-goge da ɗaure-ɗaure cikin gaggawa, tabarau na zamewa daga hancinsa, dogon gashin nan na faɗowa kan dalma yana ƙauri. Feruza ta leƙa ta ce, "Ustoz, kada ka yi sauri, in dawo wani mako." Ya ce a'a, yanzun nan.

Da la'asar ya kira mu. Mutumin da a da ba ya jona komai sai ya auna da mita ya sake aunawa, ranar ko ɗauko mitar bai yi ba. Ya danna makunni. Ba murya. Sai wani ɗan ƙara tas-tas-tas, kamar ana soya gyaɗa, sannan hayaƙi shuɗi ya fara fitowa ta ramukan fuskar akwatin, rami bayan rami. Feruza ta yi tsalle ta fizge wayar daga bango, amma aikin gama ya gama. Ya juya wayar wutar ne, ta sama ta tafi ƙasa, ta ƙasa ta tafi sama. Allunan murya duka suka ƙone, kayan da ya tsinto ɗaya-ɗaya daga rediyoyin da yanzu ko a kasuwar tsofaffin kaya ba a samu. Ɗakin ya cika da ƙaurin roba da dafaffen fitsarin ɓera.

Feruza ta durƙusa ta leƙa ciki. Ta ce, "Abin tace wutar bai mutu ba, ustoz, shi da ransa. Kuma tsarin sauran yana kanka. Akwai kayan zamani da za su maye waɗannan, ni zan kawo. Ranar Asabar ba ni da aji, sai mu fara."

Bai dube ta ba. Ya ce, "Asabar ina da biki."

Ta ce, "To Lahadi."

"Lahadi hutawa nake yi."

Ta miƙe ta karkaɗe gwiwa. A bakin ƙofa ta riƙe hannuna ta ce, "Opa, yayata, ki yi haƙuri, da na sani da ban zo ba." Na ce ba laifinta ba ne. Ta sake zuwa sau ɗaya bayan nan, ya sa na ce mata ba ya nan, alhali yana kwance yana jin muryarta. Washegarin ƙonewar akwatin kuwa da kansa ya kwashe ƙonannun allunan, har da mai ran, ya zuba a buhu ya ba masu sayen tsohon ƙarfe, ya mayar da fitilun adonsa.

Bai fi shekara ba bayan haka ƙafarsa ta fara ciwo. A wani biki ya yi tuntuɓe a matakalar dandamali ya faɗi a gaban amarya. Mansurbek ya kawo shi gida da kansa, yana ta ustoz ka huta, ustoz lafiyarka ta fi komai, ya ce akwatin ya kwana a motarsa kada a wahalar da tsoho. Bai sake dawowa da shi ba. Yanzu wani saurayi ne mai ɗan kunne yake tsayawa a bayan akwatin, an ce ya fi iya rawa. Yayana bai taɓa buɗe baki ya ce a mayar masa da kayansa ba.

Yana nan da ransa, ya aske gashin, yana tafiya da sanda. A watan jiya na raka shi asibiti awon jini. Muna zaune a layi sai na ga ya zaro waya ya matsa kusa da wani dattijo da bai taɓa gani ba, ya kunna masa hoton wani tsohon biki.

Ya ce, "Ka ga wancan mai tabarau? Ni ne. Saurari nan wurin, ka ji yadda na shiga."

Dattijon ya kara kunne ya gyaɗa kai. Ya ce, "Ikon Allah. Wannan na'ura haka, kai ka haɗa ta da hannunka?"

Na juyo ina jiran amsa. Mirkomil ya gyara zama ya ce, "Haba, wa zai iya haɗa wannan a nan? Daga Jamus aka kawo min."

Na ɗauki jakata na koma bencin da ke can ƙarshen baranda, kusa da ƙofar ban ɗaki, na zauna a nan har aka kira sunansa.